Tsohuwar na'ura ko sabuwa? Kafin ka sayi injin neman zinariya, tambayi ƙasar da za ka taka

Tun da farashin zinariya ya haura dalar Amurka 4,000 kan kowace oza a watan Oktoban 2025, wata tsohuwar gardama ta sake dawowa majalisun samari, daga Gaya zuwa Kamba, daga Yamai zuwa Sakkwato: wace na'urar gano ƙarfe ce ta fi? Wannan ya ce GPX 4500 ba ta da na biyu, tunda ita ta yi wa mutane arziki a Jado. Wancan ya ce an wuce zamaninta, yanzu sai GPX 6000 ko Gold Monster. Can kuma wani yana fama da aikin gini a Italiya ko Aljeriya, ƙanensa da ke Bana ya ishe shi da saƙon murya a WhatsApp, wai ya daure ya aiko masa da inji ko shi ma Allah zai sa ya dace.

Tambayar tana da amsa, kuma za mu zo kanta. Sai dai a ganina, shekarar da aka ƙera na'ura ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba. Akwai abubuwa uku da suka riga ta: irin ƙasar da za a yi nema a cikinta, kunnen mai riƙe da sandar, da kuma abin da doka ta ce game da abin da aka tono. Duk wanda ya tsallake waɗannan ya tafi kai tsaye wajen dillali, to ya sayi ƙarfe mai tsada ne da zai rataye a ɗaki.

Mu fara da yadda abin yake aiki, domin a nan ake yi wa mutane da yawa sakiyar da ba ruwa. Na'urar gano ƙarfe ba ta ganin komai. Faifan nan da ke ƙasan sandar naɗaɗɗiyar waya ce a cikinsa. Idan wutar batir ta ratsa wayar, sai ƙarfin maganaɗisu ya shiga ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, ƙarfen ya mayar da martani, na'ura ta juya martanin zuwa ƙara a kunnen mai ita. Iyakar sirrin ke nan. Dabarar ma tsohuwa ce: a 1881 Alexander Graham Bell ya gwada irinta wajen neman harsashi a jikin shugaban Amurka James Garfield, a yaƙin duniya na biyu kuma sojoji suka yi ta amfani da ita wajen gano nakiyoyin da aka binne.

Na'urorin da ke kasuwa gida biyu ne. Na farko su ne waɗanda 'yan kasuwa ke kira VLF. Su suna aika saƙo cikin ƙasa ba ƙaƙƙautawa, suna sauraron amsa a lokaci guda. Ba su da nauyi, ba su da tsada sosai, suna jin ƙwayar zinariya ƙarama in tana kusa da sama, kuma suna iya rarrabe baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa. Rauninsu shi ne jar ƙasa mai marmara da ƙasa mai gishiri, domin su kansu waɗannan suna mayar da martani, sai na'ura ta yi ta kuka a banza. Gida na biyu su ne PI, masu bugun wuta. Su suna harba wuta ɗan taƙaitaccen lokaci, su yi shiru, sannan su saurara. Martanin ƙasa yakan mutu da wuri, na dunƙulen ƙarfe kuwa yakan ɗan jima, don haka suna jiyo abin da ke can ƙasa ko da a jar ƙasa ne. Amma suna da tsada, kuma ba su iya rarrabewa sosai ba: za ka haƙa rami har gwiwa ka tarar da ƙusa.

To me sababbin suka ƙara a kan tsofaffin? Kamfanin Minelab na Ostareliya, wanda injinansa suka fi yawa a wuraren haƙar zinariya na Sahel, ya fito da GPX 4500 a 2008, GPX 5000 a 2010, GPZ 7000 a 2015, Gold Monster 1000 a 2017, sai GPX 6000 a 2021. Tsofaffin GPX suna da maɓallai barkatai, batirinsu daban yake ana goya shi a baya da ɗamara, kuma sai mutum ya ɗauki makonni kafin ya iya daidaita su da ƙasa. GPX 6000 nauyinta bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba, ita ke daidaita kanta, kuma tana jin ƙananan ƙwayoyin da tsofaffin ke tsallakewa. Gold Monster an yi ta ne don sabon shiga: ka kunna, ka fara tafiya. GPZ 7000 ta fi su zurfi a kan manyan dunƙulaye, amma ta haura kilo uku, kuma lokacin da ta fito kuɗinta ya kusa dalar Amurka 10,000, alhali Gold Monster ba ta kai 1,000 ba. Akwai kuma irin su Equinox, da ta fito a 2018, masu aika saƙo iri-iri a lokaci ɗaya; su ne suka fi jure ƙasa mai gishiri a cikin gidan VLF.

Tsofaffin ma ba a bar su a baya ba. Faya-fayansu suna da yawa a kasuwa, har da na wasu kamfanoni, kuma sun fi araha. Masu gyara sun daɗe da sanin cikinsu. In batir ya mutu ana iya samun madadinsa. Sababbin kuwa da yawansu ba sa karɓar faifan da kamfani bai amince da shi ba, in kuma allon cikinsu ya ƙone, sai dai a aika da su ƙasar waje. Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher tun 1995 ta fito, amma har yau masana neman ƙananan ƙwayoyi suna ji da ita. Saboda haka amsar a taƙaice ita ce: sabuwa ta fi sauƙin koyo, ta fi daɗin ɗauka, ta fi jin ƙanana. Tsohuwa ta fi sauƙin gyara, ta fi araha, kuma a hannun wanda ya san ta ba ta da nisa da sabuwa.

Akwai kuma iyakar da babu wadda ta tsallake, tsohuwa ko sabuwa. Martanin ƙarfe yana raguwa sosai da zarar zurfi ya ƙaru. Kwabo ɗaya a cikin ƙasa, yawancin na'urori ba sa jin sa in ya wuce taƙi ɗaya zuwa kamu. Babban dunƙule ne kawai ake jiyowa a kusan mita guda. Garin zinariya da ke cikin yashi ko wanda ya warwatsu cikin dutse, na'ura ba ta jin sa sam. Kuma babu injin da zai ce maka "wannan zinariya ce". Lambar da ke fitowa a allo kiyasi ce, kuma zoben zinariya da marfin gwangwanin lemo sukan ba da lamba kusan ɗaya. Don haka duk dillalin da ya ce na'urarsa tana hango zinariya daga nisan kilomita, ko tana nuna hoton tukunya a zurfin mita ashirin, ka riƙe aljihunka. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure wani ɗan kasuwa shekara goma saboda ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe irin wannan sanda mai eriya da sunan na'urar gano bom, alhali ba komai a cikinta. In gwamnati ta faɗa wannan tarko, ina ga saurayin da ya ga talla a TikTok?

Sai maganar jabu, wadda ta fi damun masu sayen tsohuwar GPX. Lokacin da neman zinariya ya kankama a Sudan, kasuwa ta cika da kwaikwayon GPX da aka ƙera a Sin, kamanni ɗaya, kwali ɗaya, amma kayan cikin ba su da inganci. Abin ya kai ribar Codan, uwar kamfanin Minelab, ta faɗo daga dalar Ostareliya miliyan 45 zuwa kusan miliyan 9 cikin shekara guda. Waɗannan jabun ba su ɓace ba, suna nan suna yawo daga hannu zuwa hannu da sunan "ta hannu ce, mai ita ne ya matsu". Araha ba ta ado. Wanda zai sayi tsohuwa, ya tafi da wanda ya taɓa aiki da irinta, a binne ɗan ƙarfe a jar ƙasa a gwada a gabansa, a kuma tantance lambar jikinta wajen dillalin da kamfani ya amince da shi.

Yanzu mu koma kan babbar magana, wato ƙasa. Labarin Jado ne ya sa kowa ya ɗauka inji ke kawo zinariya. A watan Afrilun 2014 aka gano ta a can arewa maso gabashin jihar Agadas, dubban mutane suka kwarara daga Nijar da Chadi da Sudan da Libiya. Abin da ya sa na'ura ta yi tasiri a Jado shi ne zinariyar dunƙule-dunƙule ce, kuma kusa da sama take. Waɗanda suka riga isa su suka kwashe, da injinan da a yau ake kira tsofaffi. Waɗanda suka zo daga baya, ko da injinsu ya fi, sun tarar an share fili, har sai da aka koma kankare ƙasa da manyan motoci kafin a sake bi da faifai. A farkon 2017 gwamnati ta rufe wurin. A Cibarkaten kuwa, kusa da iyakar Aljeriya, inda aka gano ta a shekarar 2014 ɗin, zinariyar a cikin dutse take. Can aikin na rijiya ne mai zurfi da guduma da injin niƙa. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, amma kayan aiki daban, domin ƙasar ce ke faɗin abin da za a riƙe.

To ina Bana a cikin wannan lissafi? Zinariya tana bin tsofaffin duwatsu ne masu jijiyoyin farin dutse. A Nijar irinsu suna Liptako, yamma da kogin Kwara, inda Koma Bangu da mahaƙar Samira suke, suna kudancin Maraɗi wajen Ɗan Isa, suna kuma Abzin da Jado. A Nijeriya suna Anka da Bukkuyum da Maru a Zamfara, da Birnin Gwari, da Yawuri a kudancin Kabi. Yankin Gaya kuwa yana zaune ne a kan shimfiɗar yashi da laka da marmara da suka taru a wani babban kwari na dā, wanda ya miƙa har Tawa da Sakkwato. Tsohon dutsen yana can ƙasa, an lulluɓe shi. Abin da Allah ya hore wa wannan yanki daban ne: ruwan sama da ya fi na kusan ko'ina a Nijar, fadamun Dallol Mauri da Dallol Foga inda ruwa ke kusa, giginya, rake, shinkafa, da gishirin Foga da fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗauka. Marmarar tudu da gishirin fadama kuma su ne manyan maƙiyan na'ura mai araha. Wato saurayin Bana da aka aiko wa inji zai yini yana jin kuka a kunne, a ƙasar da ba a san ta da dunƙulen zinariya ba. Ƙarshenta sai ya ɗauki injin ya nufi Zamfara ko arewa, kuma daga nan lissafin ya tashi daga na kuɗi ya koma na rai.

Ba a manta ba. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ranar 7 ga Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. A watan Mayun 2022 faɗa tsakanin masu haƙa a Kuri Bugudi da ke arewacin Chadi ya ci rai kusan ɗari. Yayan da ke ƙasar waje yana ganin jari ya aiko. Ya kamata ya san cewa wani lokaci tikitin tafiya irin waɗannan wurare ne ya saya wa ƙanensa.

Wasu za su ce su ba ma'adini suke nema ba, dukiyar mutanen dā suke nema, tukunyar da kakanni suka binne a kufai. Wannan ma yana buƙatar a duba tarihi. Kuɗin ƙasar Hausa da Dandi kafin zuwan Turawa wuri ne, wuri kuwa ba ƙarfe ba ne, ko ka bi ta kan buhu goma na'ura ba za ta ce uffan ba. Dukiyar attajirin dā tana cikin shanu da dawaki da riguna da gishiri da goro. Abin da faifai zai jiyo a kufai shi ne kan kibiya, guntun fartanya, munduwar tagulla, kashin maƙera, wataƙila anini ko kwabo mai huji na zamanin Turawa. A kasuwa waɗannan ba su kai kuɗin batir ba. A wajen masanin tarihi kuwa suna da daraja, amma sai in an same su a inda suke kwance, domin zurfinsu da abin da ke kewaye da su ne ke faɗin shekarunsu da waɗanda suka yi su. Da zarar an fizge su an jefa a aljihu, labarin ya mutu.

Nijar ta riga ta ɗanɗana wannan asara. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a jihar Tilaberi, a 1983 masanin tarihi Boubé Gado ya jagoranci tono ta bisa ƙa'ida. Da duniya ta ga kyawun mutum-mutumin yumɓun da aka samu, sai masu fasa-ƙwauri suka sa aka yi ta farfasa wuraren, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗarin sata, tare da na Nok a Nijeriya. Wancan ɓarna da diga da shebur aka yi ta. Ka ƙiyasta abin da zai faru da tsofaffin garuruwan Cangawa da Dandawa in kowane saurayi ya riƙe faifai yana bin kufai da maƙabartu.

Masu son wannan sana'a sukan kawo misalin Ingila, kuma misali ne mai kyau, in za a faɗe shi duka. A watan Yulin 2009 wani mutum ya gano tarin zinariya da azurfa na ƙarni na bakwai a wata gona a Staffordshire, zinariyar kaɗai ta haura kilo biyar, aka yi mata kuɗi fam miliyan 3.285. Da wace na'ura? Tsohuwa, ta hannu, wadda ya saya da 'yan canji. Abin da yake da shi shi ne shekara 18 yana wannan nema, da izinin mai gona, da kuma ƙasar da mutanenta suka saba binne ƙarfe mai daraja. Bai kuma kai kasuwar bayan fage ba. Dokar ƙasar ta 1996 ta wajabta a sanar da hukuma cikin kwana 14, ya sanar, masana suka zo suka ƙarasa tonon, gidajen tarihi suka saya, aka raba kuɗin tsakaninsa da manomin. Wasu biyu da suka samu irin wannan a Herefordshire a 2015 suka ɓoye, a 2019 kotu ta tura su kurkuku. 'Yan uwa da ke Faransa su ma su sani, tun 1989 doka ta hana neman kayan tarihi da na'ura sai da izinin hukuma.

A gida ma ba sakaka abin yake ba. A Nijar ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati ne, haƙar gargajiya sai da takardar izini, kuma dokar 30 ga Yunin 1997 ta kare kayan tarihi. A Nijeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta damƙa su a hannun gwamnatin tarayya, kayan tarihi kuma suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ga kuma halin tsaro: a bakin iyaka irin ta Gaya, saurayin da aka gani cikin daji da sanda mai waya da abin saƙalawa a kunne, zai sha tambayoyi kafin a yarda da cewa kwabo yake nema. Inda hukumominmu suka gaza shi ne ba su buɗe wa mai gaskiya ƙofa ba. Manomin da garmarsa ta tono tsohuwar munduwa bai san wanda zai kai wa ba, kuma yana tsoron in ya kai a ƙwace a kuma tuhume shi. Ya kamata gidan tarihi na Boubou Hama da cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni su samar da hanya mai sauƙi ta hannun magadan gari da sarakuna: ka kawo, a rubuta sunanka da inda ka samu, a ba ka tukwici. Muddin ba a yi haka ba, dillalin dare ne zai ci gaba da cin kasuwar.

Shawarata ga mai niyya ita ce wannan. In sha'awa ce kawai, kana son ka nemo ɗan kunnen da ya faɗi a filin biki ko tsofaffin kwabbai a gonarku, sayi mai araha daga cikin sababbin nan masu jure gishiri, ka nemi izinin mai ƙasa, ka rufe ramin da ka tona, ka nisanci kufai da maƙabarta. In sana'ar zinariya kake nufi da gaske, fara zuwa wurin da aka halatta ka yi aiki ƙarƙashin wanda ya iya, ka ga irin zinariyar wurin da idonka, sannan ka san ko inji kake buƙata ko guduma. A nan ne tsohuwar GPX ta gaskiya a hannun gwani za ta fi sabuwa fil a hannun baƙo. In kuwa kai ne yayan da ke waje, kafin ka tura kuɗin ka yi wa ƙanenka tambaya uku: a ina za ka yi neman, wa ya taɓa samu a wurin, kuma takardar izinin wa za ka riƙe? In ya kasa amsawa, ku zauna ku lissafa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana nawa wannan kuɗi zai saya a fadamar da ruwanta ke kusa. Guminka ne na shekaru a ƙasar mutane, kana da haƙƙin ka ji amsa kafin ka sake shi.